Oba-oba Biyu da Hukuma ta Ƙwace

Maigidana ya rasu, yanzu babu mai jirana a saman bene. Ni ba gwanar rubutu ba ce, amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, gara in fitar da ita.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi. Hannun hagu kawai ya rage masa, sai baki, don bakin nan ko ciwo bai iya da shi ba. Ɗakinmu yana hawa na ƙarshe, shagon da nake ɗinki kuma yana can ƙarshen layi. Da hantsi in tashi daga kan keke in hau in juya shi, da rana in hau in ba shi abinci, da yamma in sake hawa. Gwiwoyina suka fara kumbura. Mai shago ta fara bina da ido duk na tashi.

Waya ta gagare shi, maɓallanta sun yi wa yatsansa ƙanana. Shi ne na sayo oba-oba guda biyu, irin masu arhar nan, maɓalli ɗaya za ka danna ka yi magana. Mai sayarwa ya ja mini kunne.

"Mama, na ajiye miki su a tasha ta ɗaya. Ita ce ta kowa da kowa, ba ta buƙatar lasisi. Sauran kada a taɓa, akwai ta motar asibiti a ciki, hukuma ba ta wasa da wannan."

Da na kai wa maigida saƙon, ya taɓe baki. "Ni za a koya wa oba-oba? Da ita na tsufa a garejin manyan motoci."

Sai na samu sauƙi. In jera masa abinci da ruwa da magani a gefen hagu, in fita tun safe, sai faɗuwar rana. In yana son wani abu ya danna.

"Tela, Tela, kina jina? Oba."

"Ina jin ka, maigida. Ka sha magani?"

"Na sha. Muryarki kamar daga cikin gwangwani."

"To gwangwanin ne ke ciyar da kai."

'Yan shago su yi ta dariya. Wani lokaci ya ce, "Ba za ki leƙo ba?" In ce, "Me ya faru?" Ya ce, "Ba komai." In ce, "To ai ga shi muna magana," in ci gaba da taka keke. Kumburin gwiwa ya saɓe, ɗinki ya daina kwana a hannuna.

Wata rana na dawo na tarar da mutum biyu a bakin ƙofa, ma'aikatan hukumar da ke kula da zangon rediyo. Babbansu ya ce na'urarmu tana shiga tashar motar asibiti, wanda laifi ne babba. Na rantse, na roƙa, na nuna musu mutumin da ke kwance. Suka ce don halin da yake ciki ba za su kai mu gaba ba, amma oba-oba kam sun tafi da su, kuma in aka sake kama wata a gidan, kotu ce.

Da suka fita maigida ya ce, "Doka ce, Tela. Miƙo mini matashin nan."

Washegari na je na zazzage wa mai sayarwa cikina a gaban mutane. Ya yi ta rantsuwa a tasha ta ɗaya ya bar su. Na kira shi macuci, na tafi.

Na koma hawa da sauka. Ranar da gwiwa ta matsa, sai in zauna a tsakiyar bene in yi kuka, in goge fuska, in ƙarasa. In na shiga ina haki, ya ce in zauna in huta, ya riƙe mini hannu, ya kama ba ni labaran gareji da na ji har na haddace. Ni ko hankalina na kan ɗinkin mutane. Mai shago ta rage mini aiki. A haka muka ci damina guda, har ran da na hau da rana, ya ci abinci a hannuna, ya jingina da kafaɗata ya cika.

Bayan 'yan zaman makoki sun watse, na je ofishin hukumar neman oba-oban nan. Ba don in yi amfani da su ba. Tasa kawai nake so, don maɓallin ya goge daidai inda babban yatsansa ke dannawa.

Babban ma'aikacin nan ya gane ni. Ya yi mini ta'aziyya, ya ɗauko ta daga durowa ya miƙo mini. Na ce masa har yau ban yafe wa mai sayarwa ba, da ya sa mu a tashar da ba tamu ba.

Ya mayar da durowar ya rufe, ya ce:

"Mama, ki yafe masa. Taki a tasha ta ɗaya muka same ta. Kuma ba neman ku muka yi ba. Kwana da kwanaki Baba yana murɗawa zuwa tashar motar asibiti, ya jira sai tashar ta yi shiru, sannan ya faɗi sunan layinku da lambar ɗaki, ya ce ga wani tsoho nan yana karya doka, a zo a karɓe."

Ku taya ni roƙa masa gafarar Allah, mutumin da ya kai ƙarar kansa don kawai in riƙa hawowa yana ganina.