Baƙar Ledar Shanice

Ana kashe fitilun sinima, Orville ya damƙe hannun matarsa.

"Bernadine, yarinyar nan asirina za ta tona. In ba haka ba, don me ta hana mu ganin fim ɗinta sai a gaban duk gari?"

"Haba tsoho, ramin kwal bai ga bayanka ba, sai majigi?"

Orville namijin duniya ne, ƙasa ta taɓa rufta masa ya fito da ƙafarsa, amma yau gumi yake. Ranar da hukuma ta ba su riƙon Shanice, kayanta kaf a baƙar leda suke, kamar na kowane ɗan riƙo. Washegari da safe ya ga leda a bakin ƙofa, ya zaci shara ce, ya miƙa wa motar shara. Bai taɓa faɗa ba. Ita ma har ta girma ba ta tambaya ba, kuma shirun nan ne bai yarda da shi ba.

Sai ga shi a allo: wani mai irin tumbinsa yana wurga ledar. Maƙwabta suka fara waiwayowa.

Hoto ya koma baya. Yarinyar ce ta lallaɓo, ta ja ledar da kanta zuwa ƙofa, ta laɓe a taga.

Muryar Shanice ta cika ɗakin: "Duk gidan da na zauna, adana min ledar suke, saboda ranar mayar da ni. Mutumin nan kaɗai ya jefar."