Taki Goma, Yatsa Biyu

Wata la'asar ce a lambunmu na bakin tabkin Madarumfa. Na zo hutu daga lakwal, makarantarmu ta boko a Maradi, ina zaune gindin jigo ina fama da aikin da mushe, malaminmu, ya ba mu: ɗigo biyu a takarda, a ja layi tsakaninsu, a faɗi gangarensa.

Baba ya taho, hannunsa duk laka da warin albasa, ya leƙa. "Mi kake zanawa haka?"

Na janye littafin kada ya ɓata mini shi. "Lissafin Nasara ne, Baba. Ba za ka gane ba."

Maƙwabcinmu na ji daga bayan shinge. Sai Baba ya ce in zo in riƙe masa igiya. Sabuwar hanyar ruwa yake haƙa. Ya kafa turke nan, ya kafa wani can.

"Kowane taki goma, ka sauka yatsa biyu," in ji shi. "In ka ƙara, ruwa ya kwashe shuka. In ka rage, ya kwanta ya ƙi tafiya."

Na dubi turakun nan biyu da igiya miƙe tsakaninsu. Abin da ya gagare ni tun safe ke nan. Na gane, amma girman kai ya hana ni faɗi.

Na koyar da wannan darasi har na yi furfura. Duk ranar da na sa ɗigo biyu a allo, hannun da na hana taɓa littafina nake gani.