Gyaɗa a Tulun Zumunta

Da matan zumuntar coci suka shigo gaisuwa, an rasa mai ɗaga waƙa, domin wadda ta saba ɗaga musu ita ce yau zaune a tabarmar makoki. Ambaliyar da ta ratsa Dutsen Kura ta tafi da ɗakinta, ta haɗa da autarta. Tun da aka binne yarinyar, sunan Yesu bai sake fita daga bakinta ba.

"Mama, ko baiti ɗaya ne," in ji wata a cikinsu.

"In yi wa wa? Yana ina sa'ad da ruwa ya zo?"

Sai ga Bafillatanar da ke kawo mata nono, ɗauke da tulun kiɗan da Mama ke kaɗawa a coci. "Gwaggo, a bakin rafi na tsince shi, na gane naki ne. Allah ya ba ki haƙuri."

Bai fashe ba, laka ce kawai ta cika shi. Mama ta karkata shi za ta zazzage, sai hannunta ya tsaya. Wani ɗan ganye kore shar ya leƙo daga bakinsa. Gyaɗa ce. Sau nawa ta murɗe kunnen autar tata kan ɓoye ɗanyar gyaɗa a tulu, tana shaƙe masa murya ranar Lahadi?

Ta rungume shi, kuka ya ƙwace mata.

"Ashe abin da aka binne yana tashi."

Ba a kaɗa tulu ba a ranar. Amma can cikin kukan, da dusasshiyar murya, ta ɗaga waƙar tashin matattu, matan suka amsa.