Bebaye Biyu a Gidan Burodi

Da tiren burodi ya faɗo wa wani Bahaushe a ƙafa da zafinsa, sai ya manta shi bebe ne.

"Wayyo inna!"

Shekara uku ke nan yana aiki a gidan burodin nan na Libiya. Tun da Larabci ya gagare shi ya mai da kansa bebe, aka haɗa shi da wani beben. Da hannu suke magana, kuma ko sau ɗaya ba su saɓa ba.

Ɗaya beben ya zaro ido. "Kai ɗan ina na?"

"Tajaye!"

"Ni Illela!"

Suka rungume juna suna kuka. Kafin burodin ya huce, gardama ta kaure kan garin da ya fi iya kokawa, har suka shaƙe juna.

Da gari ya waye suka koma bebaye. Zumunci ya dawo.