Tocilar Fam Sha Biyar

"Mama, gaskiya arhar nan ta yi yawa," in ji Uwaisu, yana jujjuya tocilar nutson a ƙofar gidan Hajiya Zubaida a unguwar Barking ta Landan.

A intanet ya ga tallarta, fam sha biyar, alhali sabuwa ta haura ɗari. Ranar Asabar zai yi nutsonsa na farko a wani tsohon ramin haƙar dutse da ya cika da ruwa, har ya riga ya kama gurbi, kuma an ce ƙasan ruwan duhu ne ƙirin. In tocila ta mutu masa a can, ya shiga uku.

"Tsakani da Allah, ba ta shan ruwa? Ko batirin ne ya gaji kike neman kai da ita?" Ya yi dariya.

Hajiya ta dube shi.

"Awa tara ta yi a kunne a ƙarƙashin ruwa, ɗan nan. Da haskenta aka gano gawar ɗana Affan, tana ɗaure a hannunsa."

Ta mayar masa da kuɗin da ya riga ya ba ta, ta bar masa tocilar.

"Riƙe abinka. Ka dai ɗaure ta tamau, don mahaifiyarka ma ta samu wanda za ta yi wa sutura."