Tiya Ɗaya da Ƙwarya Biyu

Zauna, 'yar nan, in ba ki misali kafin ki je ki faɗa wa mutum maganar da ba ta janyuwa.

An yi wata mata mai ƙuli-ƙuli, shekara da shekaru wurin wani tsohon manomi take sayen gyaɗa. Ran nan sai ga wani dillali mai zaƙin baki, ya ce tasa ta fi ba da mai, nesa ba kusa ba. Ya zaro tiya guda daga wata 'yar jaka da ke rataye a kafaɗarsa, ya ce ta je ta gwada. Ta soya, ta murje, ta kai inji, ta juya da ruwan zafi, ta matse, sai ga mai ludayi goma sha shida. Washegari ta matse tiyar tsoho, ludayi goma sha biyu. Nan take zuciyarta ta ɓaci. Ashe duk shekarun nan tsohon nan gauraya mata yake yi da wadda ba ta ƙosa ba? Ta ɗaura niyyar ranar kasuwa za ta tsaya a gaban rumfarsa ta kira shi macuci, kowa ya ji. Har ta ɗauki mayafi sai wani abu ya tsaya mata a rai. Me ya sa daga jakar kafaɗa dillali ya ɗebo, ga buhu a gabansa? Kuma ita da kanta ta sani, buhu ɗaya ma yau ya ba ta sha uku, gobe sha biyar, gwargwadon wuta da zafin ruwa da ƙarfin da ta tashi da shi. Ta ajiye mayafin. Ta ce a ranta, tsoho bai ci amanata ba, gyaɗar nan duk ɗaya ce, sai in awo ya ƙaryata ni.

Ta sayi tiya goma wurin kowannensu, ita ta zura hannu da kanta, sama da tsakiya da gindin buhu, dillali yana ta ɓata fuska. Ba ta yarda da mai inji ba, don haka duk inji ɗaya ta kai, tana tsaye a kansa. Ba ta ma yarda da hannunta ba, don ta san wanda zuciya ke so hannu ya fi matsa wa. Sai ta ba maƙwabciyarta ta ƙulle su ƙunshi ashirin iri ɗaya, maƙwabciyar kaɗai ta san na wane da na wane. Kullum da hantsi mai ƙuli-ƙuli ta karɓi ƙunshi biyu, ɗaya na kowannensu, ta yi aikinsu, in ta gama aune mai sannan maƙwabciya ta faɗa mata mai shi. Ga ƙwarya biyu a gefe, ta tsoho da ta dillali, kowane ludayi tsakuwa guda. Kwana goma ana haka. Wata rana ta dillali ta yi sha biyar, ta ji zargin tsoho ya dawo mata sabo. Kashegari ta tsoho ta yi sha shida, ta dillali ta faɗo sha ɗaya. Da kwanaki suka cika ta juye ƙoren a tabarma, ta raba kowane tuli gida goma daidai wa daida. Na tsoho sha uku sha uku, da ragowar tsakuwa ɗaya. Na dillali ma sha uku sha uku, da ragowar huɗu. Tsakuwa uku ke nan tsakaninsu a kan tiya goma, alhali a buhu ɗaya tiya takan ɗara 'yar'uwarta da ludayi huɗu. Maƙwabciya ta ce, "To ai dai ta dillali ta fi." Ita kuwa ta ce, "Yaya, da buhu ɗaya na raba biyu ma, sai in ga ratar da ta fi wannan. Da a ce kowane gida ya ɗara da biyu ko uku, da na yarda. Wannan ba shaida ba ce."

Ranar kasuwa ta je rumfar tsoho, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce me ta yi masa. Ta ce abu ne tsakaninta da zuciyarta, ya yafe dai. Ya yi dariya ya ce ya yafe, ya auna mata gyaɗarta. Dillali kuwa ba ta kira shi maƙaryaci ba, don ba ta da shaidar hakan shi ma. Ko tsince gyaɗar jakar ya yi ɗaya bayan ɗaya, ko sa'a ce kawai ta faɗo a kan tiyar farko, Allah ne masani. Ta dai lura har aka tashi kasuwa, duk macen da ta zo gwaji daga kafaɗa yake ɗebo mata.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.