Filin Musayar Sana'a

Tun da aka kafa dokar musaya, ba mai barin sana'arsa sai ya sami mai karɓarta. Tanimu direba ne, motoci kuwa sun daina neman direba. Hatsin gidansa ya kusa ƙarewa.

"Sa farar riga, ka yi ta murmushi," in ji kawunsa Barau. "Kada ka ce tuƙi ya mutu. Ka ce kasuwa ce ta ja baya."

"Kawu, wa zai yarda?"

"Haƙuri dai, yaro."

Da hantsi ya isa filin musaya, ya tarar da maza dankam, kowa da farar riga, kowa na murmushi. Wani dattijo ya miƙo masa hannu.

"Ɗana, kana son tuƙi? Kasuwa ce kawai ta ja baya."